A Duba Kore

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Talata waya ta yi ƙara a ofishin 'yan sanda. Saje ya ɗauka, ya saurara, sannan ya rufe bakin wayar da tafin hannunsa.

"Yallaɓai, wai wata aka sace."

"Wata wa? 'Yar shekara nawa?" in ji Sufeto.

"A'a yallaɓai, watan sama."

Sufeto ya ɗauki hularsa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana aikin ɗan sanda, ya yi suna wajen saurin gane mai laifi, ya kuma san ya yi sunan. Wannan sanin ne babbar matsalarsa.

Kamfanin da ya bugo wayar yana hawa na uku a wani dogon bene. Ɗaki ne mai faɗi, tebur goma sha biyu, labule a sake saboda kada hasken rana ya dami allon kwamfuta. Manaja, wani gajere mai yawan share gumi, ya tarye su a ƙofa. Ya ce manhaja suke haɗawa wadda masu koyon tuƙin kumbon sararin samaniya za su riƙa gwada sauka a duniyar wata da ita, suna zaune a kujera. Taswirar watan ce ta ɓace, aikin da ya ci su wata takwas. Faifan ajiyarta da ke cikin kabad na ƙarfe babu shi, kwafin da ke cikin babbar kwamfuta kuma an goge. Jibi Alhamis ya kamata su miƙa aikin.

Sufeto ya duba kabad ɗin. Ko ƙwarzane babu a jikin kwaɗon.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Ɗaya a hannuna, ɗaya wajen Malam, ɗaya wajen Injiniya."

Malam dattijo ne mai furfura, wanda rabin ma'aikatan ɗakin a hannunsa suka koyi aikin. Injiniya kuwa mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, ita ce mataimakiyarsa. Manaja ya matso kusa da kunnen Sufeto ya ce wani kamfanin ya daɗe yana zawarcinta da aiki.

Saje ya nuna bango, inda guntayen salatif huɗu suka rage a manne. "A nan fa me aka cire?"

"Hoton wata ne da muka buga daga sabuwar taswirar. Wataƙila ya faɗi ne an share," in ji Manaja.

Sufeto bai ko waiwaya ba. A wajensa biri ya riga ya yi kama da mutum. A gaban kowa ya sa aka ɗaura wa Injiniya ankwa, ita kuwa ta roƙi Saje ya ɗauko mata jakarta. Malam yana tsaye a ƙofar ofishinsa. Ya buɗe baki kamar mai shirin magana, ya mayar ya rufe.

A ɗakin tambayoyi Sufeto ya ja kujera ya zauna a gaban Injiniya.

"Ina faifan?"

"Ban ɗauka ba, yallaɓai."

"To yi mini bayanin abin da ke ciki, yadda ɗan sanda zai gane."

Ta nemi ya ara mata tocilarsa da kofin shayinsa. Ta ce kumbunan da ke zagaya wata sun auna tsawon kowane wuri, tudu da gangare, sun aiko da lambobi miliyoyi. Kwamfuta ba za ta iya gina kowane dutse da kowane rami ba, sai ta tsaya cak. Don haka ake yi mata dabara. Daga lambobin nan ake lissafa inda kowane ɗigon ƙasa yake fuskanta, a ajiye amsar cikin launi.

"Ja yana nuna karkata gabas ko yamma. Kore yana nuna arewa ko kudu. Shuɗi kuma sama. Da wannan kwamfuta ke sanin inda za ta sa haske da inda za ta sa inuwa." Ta haska cikin kofin daga gefe. "Ka ga rami, inuwarsa tana ɓangaren da hasken ya fito." Ta kife kofin. "Tudu kuma inuwarsa tana ɗaya ɓangaren. Ido ba ya taɓa ƙasa, yallaɓai, inuwa yake karantawa."

"Wa ya yi lissafin launin?"

"Ni na tace lambobin. Malam ya juya su zuwa launi."

"Aikin yana da wani aibi?"

"Ba shi da."

"Jiya kun yi magana da Malam?"

"Gaisuwa kawai."

Duk amsoshin nan biyu tebur take kallo. Sufeto ya ga ƙarya ƙarara, ya kuma ɗauka ƙaryar ɓarawo ce. Ya rubuta takardar tuhuma, ya ce ranar Alhamis sai kotu.

Da la'asar mijinta ya kawo mata abinci. Bai yi faɗa ba, bai yi roƙo ba. Ya tsaya a gaban kantar ofis ya ce, "Yallaɓai, yara sun dawo daga makaranta suna tambayar uwarsu. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu hukuma na aikinta," in ji Sufeto. Maganar ta yi masa daɗi a baki a lokacin.

Safiyar Laraba Saje ya shigo da abu biyu. Na farko magana ce daga mai sharar benen. Ta ce ranar Litinin Injiniya ta shiga ofishin Malam, suka rufe ƙofa kusan awa guda, kuma ta ji muryar dattijon ta tashi yana cewa, "Ni za ki koya wa kore?" Na biyu wata takarda ce a ninke da ya samo a durowar Injiniya. Ƙaramin kwafi ne na hoton da aka cire daga bango.

Sufeto ya shimfiɗa ta a tebur. "Ashe haka wata yake, duk ƙuraje kamar fuskar ɗan shekara sha biyar."

Saje, wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin, ya leƙo. "Ƙuraje kuma, yallaɓai? Ai ramuka ne."

"Tuddai ne, ga su nan sun taso."

"Wallahi ramuka nake gani."

Sufeto ya ɗaga kai zai yi masa tsawa, sai ya fasa. A hankali ya juya takardar, samanta ya koma ƙasa. Nan take tuddan suka lotsa suka zama ramuka. Ya sake juyawa, suka sake tasowa. Ya tuna kofin shayi da tocila. Ya birkita takardar, a bayanta da fensir an rubuta da ƙaramin rubutu: Malam, don Allah a duba kore.

Ya daɗe yana kallon rubutun. Ɓarawon da zai sayar wa wani kamfani taswira, me zai yi da hoton bango? Saje ya yi wannan tambayar jiya da yatsansa, shi kuwa ya ƙi waiwayawa.

"Tashi mu koma," ya ce.

A matakalar benen suka haɗu da Manaja. Sufeto ya tare shi.

"In aka ga kuskure a aikin da aka gama, ya ake yi?"

"Da zarar an sa hannu an rufe faifai, ba mai taɓa shi sai an cike takarda. A rubuta kuskuren, a rubuta sunan wanda ya yi, a karanta a taron safe. Malam ne ma ya kafa dokar."

"In kuma faifan ya ɓace?"

"Sai a sake daga lambobin farko. Su suna nan, ba a taɓa su ba."

Malam yana zaune a ofishinsa, kwamfutarsa a kashe, hannayensa a kan tebur. Ya amsa gaisuwa da kyau, ya nuna musu kujeru.

"Malam, akwai wani aibi a taswirar da ta ɓace?"

"Ban san da shi ba."

"Ranar Litinin me kuka tattauna da Injiniya?"

"Maganar hutu ce. Tana son kwana uku."

Sufeto bai musa ba. Ya zaro hoton ya ajiye a gaban dattijon, yadda aka buga shi, arewa a sama. Sannan ya shiga wasu tambayoyi marasa kan gado, ƙarfe nawa maigadi ke zuwa, wa ke kashe fitilu, tun yaushe aka sayi kabad. Malam yana amsawa, idonsa yana komawa kan takardar. A tsakiyar wata amsa, yatsunsa biyu suka kama gefen hoton suka juya shi, sama ya koma ƙasa.

Sufeto ya zuba masa ido. Malam ya dubi hannunsa, ya dubi hoton.

"Me ya sa ka juya shi, Malam?"

Dattijon ya cire tabaransa ya ajiye. "Ba na iya kallonsa a haka."

"Faɗa mini."

"Shekara ashirin ina aiki da tsohuwar manhaja. Ita tana karanta kore daga ƙasa zuwa sama. Sabuwar da muka koma tana karantawa daga sama zuwa ƙasa. Yarinyar nan ta tuna mini tun farko, na ce mata na san aikina. Ga shi duk ramin da ke kan wata na mayar da shi tudu. Wanda ya koyi sauka da wannan, inda ya ga tudu ya kauce, rami ne."

"Gyaran yana da wuya?"

Malam ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Alama ɗaya ce a cikin lissafi. Kafin ka sha shayi an gyara, kwamfuta ta ƙarasa sauran a yini guda. Takardar ce ta gagare ni. Ka san abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo koyo a hannuna? A duba kore. Ita kanta, tana sabuwar zuwa, ta taɓa yin wannan kuskuren. Na tsayar da ita a tsakiyar ɗakin can na karanta sunanta har sau uku, tana kuka. Yanzu kuma a karanta nawa."

"Sai ka ɗauke faifan."

"Na ce in ya ɓace za a sake aikin, in gyara ba wanda ya sani. Ban zaci Manaja zai kira ku ba. Da kuka sa mata ankwa na buɗe baki, wallahi harshena ya ƙi. Laifi tudu ne, Sufeto. Na daɗe a kan nawa ina hango na yara."

Ya jawo durowar ƙasa. Faifan yana ciki a naɗe da babban hoton bango.

Sufeto ya karɓa. Ya so ya yi wa dattijon faɗa irin wanda ya saba yi wa masu laifi, amma ya rasa ta inda zai fara, don duk kalmar da ya ɗauko sai ya ji da shi ma take. Kunya ce tsagwaronta ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana kurtu.

Da suka fito babban ɗakin, Malam ya tsaya a tsakiya ba tare da an ce ya tsaya ba.

"Ni na juya kore. Ni na ɗauki faifan, ni na goge kwafin. Ba ita ba ce."

Ba wanda ya ɗaga kai. Sufeto ya lura ba wanda ya yi mamakin maganar koren, ashe duk sun ga tuddan tun ranar da aka manna hoton, kowa ya haɗiye. Manaja kaɗai ya saki baki, ya hau share gumi.

A ofis Sufeto da kansa ya karɓi makulli ya buɗe wa Injiniya. Tana zaune a kan benci, mayafinta ya yamutse, kwanon abincin jiya yana gefe ba ta taɓa ba.

"Fito, an samu faifan. Malam ya amsa."

Ta miƙe da sauri. "Ba ni na faɗa ba, ko? Yallaɓai, ka gaya masa ba ni na faɗa ba."

"Ya sani."

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Sufeto ya yaga takardar tuhuma a gabanta. Ya shirya magana mai tsawo a cikin mota, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mana," ta ce, ba ta dube shi ba.

Tana gaban kantar ofis, tana sa hannu a littafin sallama, aka shigo da Malam. An karɓi agogonsa da tabaransa, ya tsaya yana ƙifta ido. Ta ajiye biron ta rusuna.

"Ina wuni, Malam."

Ya sunkuyar da kai har furfurarsa ce kaɗai ake gani.

"'Yata," ya ce daga ƙarshe, "gobe Alhamis. Je ki gyara aikin. Ki cike takardar, ki rubuta sunana, ke za ki karanta a taron safe."

"Malam, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Ni na koya miki."

Ta gyara mayafinta ta ce, "To, Malam."

Saje ya taɓa gwiwar hannun dattijon a hankali, suka nufi ciki. Sufeto ya bi bayansu da makullin a hannunsa.