Mai Maganin da Aka Bari a Bakin Gada

Dutsen farko ya faɗo ne ana kiran sallar magariba, a gidan Malam Maitama da ke gefen garin Ƙarfi. Matarsa Hajo tana kwashe tuwon masara, kaji sun gama shiga akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Sai ƙwal a kan kwanon ɗaki. Hajo ta ce, "Yaran nan dai!" Na biyu ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta sa ludayi ta ciro shi, ta ga baƙi ne, sumul, ga sanyi kamar daga gindin rafi aka tsamo shi, alhali miyar tana tafasa. Ba ta ƙara ambaton yara ba.

Almustapha, babban ɗan gidan, bai ji ko ɗaya ba. Yana bayan gida a gindin tsohuwar tsamiya, ya ɗaga waya sama yana tsaki, domin duk unguwar nan ne kaɗai sabis yake kamawa.

Tun da aka gama kai masara rumbu, abokinsa Bature mai gyaran waya a Funtua ya saka masa wani wasa na intanet. Wata duniya ce ta ƙage, mai dodanni da birane, inda mutane daga ko'ina suke haɗuwa su yi yaƙi tare. Kowa sai ya ƙera jaruminsa tukuna, ya ba shi suna da sana'a: mai takobi, ko maharbi, ko mai magani. Almustapha ya zaɓi takobi. Aikin farko kuwa ba wani abu ba ne, gada ce za ka tsallaka ka shiga birni, amma akwai dodo a kanta. Bature ya ce aikin minti goma ne.

Minti goma! Sati uku Almustapha ya yi a bakin gadar nan. Ya ɗaga takobi sabis ya ɗauke, kafin ya dawo an kashe shi. Ya zo da caji babu data, ya zo da data babu caji. Ya roƙi 'yan wasa su sa shi a ƙungiyarsu, su duba su ga sabon shiga ne su wuce. Wani ma ya turo masa hoton dariya. Namiji mai shekara ashirin da huɗu, wanda yake huɗar gona shi kaɗai, ga shi wani dodon zane yana kayar da shi sau talatin a yini. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Da Bature ya ce masa ba a tsallakawa sai da mai magani a baya, sai ya ari wayar ƙanwarsa Shafa'atu, wadda take shirin komawa makarantar koyon jinya a Malumfashi. Ya ƙera wata mai magani da koriyar riga, ya rasa sunan da zai sa, ya rubuta Shafa'atu. Amma hannu biyu ba sa tuƙa waya biyu. Shi yana faɗa yana mutuwa, ita tana tsaye a bakin gada, hannuwa a sake, tana ɗan rangaji. Ransa ya ɓaci, rana ta faɗi, ya daki saiwar tsamiya da ƙafa ya ce da ƙarfi, "To ga jiki, ga suna, babu mai shiga! Duk wanda yake ji na ya zo ya shiga mana!"

A gindin tsamiya fa, da magariba, wurin da tsofaffin gidan ba sa ko zubar da ruwan zafi sai sun yi bismilla. Ya mayar wa yarinya wayarta, ya manta. Washegari aka fara jifa.

Kwana uku ana jifa, kullum daga faɗuwar rana zuwa isha'i. Malam Maitama ya hau katanga da tocila bai ga kowa ba. A na huɗu aka fara jin magana ƙasa-ƙasa daga bayan rumbu, kamar mutum yana jira ya gaji yana gunaguni. A na biyar Shafa'atu ta ajiye tsintsiya a tsakiyar shara, ta taka a hankali zuwa bakin zaure, ta tsaya. Hannuwanta a sake, idonta a buɗe ba ya ƙiftawa, tana ɗan rangaji gaba da baya.

"Shafa'atu," in ji Hajo. "Ke Shafa'atu!"

Ko juyowa ba ta yi ba. Almustapha ya shigo daga bayan gida ya gan ta. Ya san wannan tsayuwar. Ya buɗe baki, ya dubi mahaifinsa, ya rufe. Ta yaya zai ce wa Baba wasan waya ne?

Aka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce lafiyarta lau. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu ta sha. Da safe takan ci abinci kaɗan ba magana, da yamma ta koma bakin zaure. Ranar komawa makaranta ta zo ta wuce. Hajo ta rame, Malam Maitama ya daina zama a majalisa. Almustapha ya ɗauki wayarta a ɓoye ya je tsamiya don ya duba, sabis ya ƙi. Ya yi ta ɗagawa har hannunsa ya gaji, ya zauna ya yi kuka don haushi.

A rana ta goma sha ɗaya aka ɗauko Malam Abdulmutallib daga Funtua a kan babur, dattijo ne siriri mai ruƙiyya, ba ya son hayaniya. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, Hajo ta riƙe kafaɗun yarinyar, ya fara karatu a kunnenta. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida, kaji suka yi tsit. Can sai Shafa'atu ta ja dogon numfashi, wata murya mai kauri, ta tsoho, ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Ni na gindin tsamiya ne, tun kafin kakan wannan ya kafa gida. Ban taɓa tsallaka masu katanga ba. Kira na aka yi."

"Ƙarya kake," in ji Malam Maitama. "Babu mai kiran irinku a gidana."

Kan yarinyar ya juya a hankali har ya tsaya a kan Almustapha. "Tambayi ɗanka. Shi ya gina jiki, ya raɗa masa suna, ya ce duk mai ji ya shiga. A wurinmu ba a ƙin amsa gayya. Na shiga. Sunan nata ne, sai ya jawo ni har nan, ita kuma ya kai ta can cikin wasan. Kwana goma sha ɗaya ba a ba ni aiki ba, ba a sallame ni ba. Haka ake yi? Na yi ta turo masa duwatsun rafin da ke ƙarƙashin gadar don ya tuna, ko waiwayowa bai yi ba."

Kowa ya dubi Almustapha. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya faɗi komai, tun daga Bature har dukan saiwa. Malam Maitama bai zage shi ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ka sani, kana kallon uwarka tana ramewa."

Malam Abdulmutallib ya ce, "Ka ji, kuskure ne. Fita."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah." Ya ci gaba da karatu, yarinyar ta yi ƙara, Hajo ta ƙanƙame ta.

"To a bar ni in tsallaka gadar sau ɗaya! Na gaji da kallon wannan sakarai yana mutuwa."

"Ko taki ɗaya."

Muryar ta ce a gajiye, "Wanda ya kira ni ya sallame ni da bakinsa, a inda ya kira ni. Ya rushe jikin da ya ƙera, har da nasa jarumin. Muddin suna nan, ƙofa a buɗe take."

Aka ɗunguma zuwa tsamiya, rana ta yi ja. Almustapha ya ɗaga wayoyin biyu, ana tsaye ana jira, sabis ya zo ya tafi har sau uku. Da ƙyar ya kama. Ya danna gogewa, sai wasan ya rubuto cewa sai bayan kwana bakwai za a goge, kuma in aka buɗe kafin nan, an fasa. Almustapha ya yi kamar ya rotsa wayar da itacen. Ya daure ya ce, "Na sallame ka. Ka yi haƙuri, ka koma wurinka."

"Kwana bakwai ina bakin ƙofa," in ji muryar. Babban yatsan ƙafar Shafa'atu ya karkaɗa, ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta.

Malam Maitama ya karɓi wayoyin ya tura su cikin masara a rumbu. Jifa ta tsaya, amma Shafa'atu barci kawai take yi, ba ta ce uffan ba. A rana ta shida Bature ya zo har gida da murna, wai ya samo masa ƙungiyar da za ta tsallakar da shi, ya buɗe yau yau. Almustapha ya raka shi bakin hanya ya ce ya gaida gida.

A yammacin rana ta bakwai yana zaune a ƙofar ɗakin Hajo yana gyaran fartanya, sai ya ji an ce, "Yaya." Muryarta ce, tata ta gaske, siririya. Ta fito tana dafa bango, ta zauna kusa da shi, ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Gadar nan ba ta sama ake bi ba," ta ce. "Akwai hanya ta ƙasa, ta cikin rafi, kowa ta nan yake wucewa. Daga inda ka tsayar da ni ana ganinta sarai."

Fartanyar ta faɗi daga hannunsa.

"Kullum ina ganin ka zo ka wuce ta gabana," in ji Shafa'atu. "Na yi ta kiranka, Yaya. Ko sau ɗaya ba ka juyo ba."