Laka a Gindin Bel

Ranar da suka fara haɗuwa ƙafafunsa kawai ta gani, sauran jikin yana ƙarƙashin motar babanta a gareji. Ta yi sallama sau biyu. Ya turo kai waje, baƙin mai har goshi, yana ɗaga ido ya gan ta sai sifana ta suɓuce ta bugi ƙirjinsa. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bakaniken nan ɗan ƙanena ne, ni na goya shi, kuma ban taɓa jin ƙarfe ya kuɓuce masa ba sai ranar.

Daga nan motar babanta ta shiga ciwon da babu shi. Yau wai ƙara take ji, gobe wai fitila. Tana ce masa Injiniyana, yana ce mata Autata.

Ana cikin haka wani dillalin motoci ya shigo gidan su Auta da buƙata biyu. Zai sayar wa uban wata ƙatuwar jif ta hannu, baƙa wul, mai kujerun fata, kuma yana son Auta. Uban ya kira yarona ya duba motar a ƙofar gida.

Ya dafa bonet ya ji zafi, ya ce an riga an ɗumama injin, alhali sai a sanyi mota ke faɗin gaskiya. Ya shafa tayoyi, ya ji gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ya murɗa abin da ke sa ƙafa huɗun su ja tare, fitilar da ke nuna ya kama ta yi ta ƙyafce-ƙyafce ta ƙi tsayawa. Ya shiga ciki ya shaƙa, ya ce turaren ya yi yawa, a ƙarƙashinsa akwai warin danshi. Motar nan, in ji shi, ta taɓa nutsewa a ruwa.

Dillali ya yi murmushi ya ce kishi ne. Uban kuwa, a gaban maƙwabta, ya dubi yaron da bai taɓa sauya wa kowa kaya mai kyau da lalatacce ba, ya ce masa maƙaryaci, ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa a gidan. Da labari ya iso ni na ɗauki mayafi zan je gidan, yaron ya riƙe ni da roƙo.

Kwana biyu bai neme ta ba, sai ga saƙonta.

"Injiniyana, shirunka ya fi faɗan Abba ciwo. Ka fasa ne?"

"An ce an gan ki a gaban jif kina murmushi."

"Abba ne ya sa na shiga, kuma ba murmushi ba ne, atishawa nake riƙewa. Gobe zai karɓi makulli. Faɗa mini abin da zan nuna masa da hannuna."

"Autata, ki jawo bel ɗin ɗaure jiki na kujerar baya har ƙarshensa. Ana wanke kafet, ana fesa turare, amma ba mai tunawa da gindin bel. Ba don ni ba, don kada Abba ya cutu."

"Har da don kai."

Washegari da dillali ya kawo jif ɗin, ta zauna a baya kamar mai gwada laushin kujera, ta fara jan bel. Kamu ɗaya tsaf, kamu biyu tsaf. A na uku sai ga layin busasshiyar laka da ɗigo-ɗigon rima, yashi yana zuba a cinyarta.

"Abba, kawo hannunka."

Ya murza lakar da yatsa. Ya zagaya da kansa ya ɗaga kafet ɗin but, wurin ajiye kaya a baya, ya tarar da tsatsa ja wur da guntun ciyawa. Dillali ya ce an kira shi a waya, ya ja abarsa, har yau wayar ba ta ƙare ba.

Uban ya aiko wai yaron ya je su yi magana a ɗaki. Na ce wa ɗan aiken babu inda za shi. A bainar jama'a aka zubar masa da mutunci, ba za a mayar masa da shi a bayan labule ba. Yaron ya ce Gwaggo ki yi haƙuri, na ce kai ka yi shiru, ba kai ka yi goyon ba.

Ran nan da hantsi ina gareji sai ga uban, da maƙwabtan nan guda uku. Ya yi gyaran murya ya ce a hankali, "Na zalunce ka, ɗana."

Na ce kunnena ya tsufa, ban ji ba.

Ya maimaita da ƙarfi, har mai faci na tsallake ya ɗago kai. Ya kama hannun yaron da baƙin man da komai, ya ce in har yana son Auta, ya turo manyansa. Na ce ga babbar a tsaye.

Auta tana cikin tsohuwar motar babanta, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Yaron ya leƙa ta taga ya tambaye ta kuka take ko dariya, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuri'a mai albarka, Ya tsare su da bakin mutane. Uban kuwa na yafe masa, amma sai da na ji an shafa fatiha.