Abin da Hajo Ta Tambayi Likita

Yusha'u bai ko zauna ba da ya shigo zauren gidanmu a Magama. Saukarsa ke nan daga Maraɗi da motar hatsin da yake tuƙawa. Ya ce mahaifiyarsa Hajo ta ce a dakata da maganar aurenmu.

"Saboda me?"

"Ciwon Baba, Na'ima... An ce mata na gado ne."

Mahaifina Malam Lawal ya daɗe yana fitsarin jini, muna ta ba shi maganin tsargiya. Sai a Kano aka gano kansar mafitsara ce, irin wadda ba a cika gani ba. An yi masa aiki, ciwon ya dawo. Likitar da ke duba shi ta ɗebi tsokar ciwon da jininsa ta aika ƙasar waje a binciki ƙwayoyin halitta. Kafin labarin ya zaga kasuwar Jibiya, an mayar da shi ciwon da ke bin zuriya.

Na ce wa Yusha'u in har na gado ne na yafe masa alkawari, kuma ko ba haka ba, ba zan bar Baba a kwance in tafi ɗakin miji ba. Tun rasuwar Innarmu ni kaɗai yake da ita.

"Sahibata, ban zo a yafe mini komai ba," in ji shi. "Ke nake so."

Ranar karɓar sakamako, muna shiga mota sai ga Hajo da mayafinta. Ta ce da kunnenta za ta ji daga bakin lokotoro, wato likita. Har Kano ba ta ko kalle ni ba.

Likitar ta yi bayani a hankali. An samu sauyi a wata ƙwayar halitta, shi ke sa ciwon girma, kuma akwai maganin haɗiya da aka yi don irin wannan sauyin. Ba zai warkar ba, amma yana iya tsayar da shi na wani lokaci.

Hajo ta gyara zama. "Jikokina fa? Mi za su gada?"

"A cikin ciwon kawai sauyin yake, Hajiya, babu shi a jininsa. Bai gada ba, bai kuma ba 'yarsa ba."

A hanyar dawowa ta ce in jingina da kafaɗarta in yi barci.

Maganin ya karɓi Baba. Farcensa sun lalace, bakinsa kullum a bushe, amma jinin ya tsaya, har ya koma sallar jam'i da sandarsa. Shi ya matsa a sa rana, ya ce ba zai wakilta kowa ba. Da bakinsa ya ba da aurena a ƙofar gida, ina jin muryarsa daga ɗaki.

Bayan kaka ciwon ya fi ƙarfin maganin. Hajo ce ta ce in koma gida in yi jinya, ta umarci Yusha'u ya ajiye mota ya bi ni. Shi ke yi wa Baba wanka, shi ke juya shi.

Baba ya rasu da hantsin wata Laraba, kansa a cinyar Yusha'u. Ni kuwa Hajo ce ta riƙe ni, tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata... ina nan."