Cikin Jummare

Ni Haladu na fara ganewa, tun kowa a ƙauyenmu na bakin kogin Rahad bai farga ba! Ban taɓa zama a aji ba, amma ciwon nan ya kayar da ni shekarar da tarakta ta shigo yankinmu na Gadarif, ya kwashe abokan aikina kaf, ni kaɗai na miƙe. Shi ya sa da na tsinci Jummare kwance a bayan danga, duk ta rame sai ƙaton ciki, na san abin da nake kallo.

Marainiya ce, tana hannun ƙanin babanta Kassim da matarsa Hajo, kuma gonar da uban ya bar mata ce ta tsone wa Hajo ido. Da lokacin girbi Hajo ta tura yarinyar mashru, babbar gonar tarakta, don ta riƙa dafa wa masu yankan riɗi, tana kwana gindin aduwa kan baƙar ƙasar nan mai tsagewa. Ta dawo da zazzaɓin da ba ya sauka... sai ciki ya fara tasowa.

"Jama'a ku zo ku gani!" in ji Hajo. "Ta kwaso mana abin kunya a mashru!"

"Inna, wallahi ban san namiji ba... ki ji tsoron Allah."

"Ni ba innarki ba ce! Fita!"

Kassim ya sunkuyar da kai kawai. Mata suka daina amsa gaisuwarta. Na ce saifa ce ta kumbura, aka ce tsufa ya ruɗa ni. Ita kuwa, hawaye na bin kumatunta, abu ɗaya take roƙo: "Ya Allah, ko mutuwa zan yi, Ka wanke ni tukuna..."

A lokacin asibiti ya yi mana nisa, matanmu kuma ba sa yarda baƙon namiji ya taɓa musu ciki. Maganinmu ƙarfe ne a gasa a wuta a ɗora wa mutum a ciki, ni ma haka aka yi mini. Sai ga wata likita, Diktora Batulu, jikar alhazan da suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, ta buɗe ɗakin magani a kasuwarmu, tana tambayar ciwo da Hausa. Na ɗora Jummare a keken jaki na kai mata. Ta danna cikin, ta ɗebi jini, ta ce, "Baba, kalazar ne. Wani mitsitsin ƙwaro ke fitowa daga tsagar ƙasa ya ciji mutum." Ta fara mata allurai. Hajo ta bi gari wai likita rufa asiri take yi.

Ba a jima ba ɗan Hajo tilo, Cindo, ya dawo daga wannan mashru ɗin. Ranar kasuwa ta shigo da shi ɗakin maganin ranga-ranga, mata cike da layi, rigarsa ta kasa rufe cikin!

Na ce, "Barka, Hajo! Shi kuma wata nawa?"

"Bari, Baba," in ji Diktora. Ta dubi matan ta ce, "Ciwonsu ɗaya. Yarinyar nan ba ta taɓa yin ciki ba."

Gado ɗaya ne a ɗakin. Jummare ta sauko da ƙyar ta ce, "Inna, kwantar da shi nan." Hajo ta zube ƙasa tana kuka...

Dukansu sun warke. Dattawa suka mayar wa Jummare gonarta, Hajo kuwa ko bakin rijiya ba ta iya zuwa, har ta bar garin.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo na ɗaga masa rigata ya ga tabon ƙarfe, sa'annan ya maimaita a gabana!