Gyaran Fensir

"Wai shi Auta, da ya gama digiri na farko da kyar da jiɓin goshi, me zai je nema a na biyu?"

Amarya na bakin famfo tana ɗauraye kofuna ta ji Yaya Babba, wan mijinta Auta, ya yi wa Umma wannan tambayar. Ta rage ruwan don ta ji amsa. Umma ta ce marigayi mahaifinsu ya so ƙwarai ya ga yaron nan ya yi nisa a boko. Yaya ya yi dariya, ya ce so daban, samu daban. Sakamakon Auta mataki na uku ne, wato tad kilas, na can ƙasa, mai irinsa kuwa sai ya yi difloma ta shekara guda, kuma sai wani malami ya rubuto masa takardar shaida, kafin a ko kalle shi a mastas. Wa zai rubuta? Wa kuma zai zauna kan kwamfuta a shago?

"Ko don yarinyar nan ma ya haƙura, Umma. Yau ya zama mai mastas, gobe ya fara jin kunyar fita da wadda ta tsaya a aji uku na sakandare."

Amarya ta rufe famfon. Babu wanda ya ambaci cewa shekara biyun ƙarshe na karatun Auta a kan bencin asibiti ya yi su, yana jinyar mahaifin nasu. Abin ya wuce, kowa ya manta, sai takardar ce kawai ba ta manta ba.

Shagon Yaya na bakin ƙofar jami'a, ana buga wa ɗalibai kundin bincike ana ɗinke shi. Auta ke bugawa, a wani ɗan ɗaki na baya wanda ba shi da taga. Ita kuma Amarya, kullum da la'asar ake kawo mata kwalaye har ɗakinsu, ta jera shafuka bisa lamba ta sa a ambulan. Kwalayen sun cinye rabin ɗakin, sai ta karkace take isa bakin gado.

Kowane aiki kwafi biyu ne: na gwaji da na gaske. Ta daɗe da lura cewa na gwajin cike yake da rubutun fensir ɗin mijinta, ƙanana kamar tururuwa: nan ya ja layi, can ya sake lissafi a gefe. Ba ta gane Turancin sosai, amma ta san ba wasa yake ba. Sai dai dokar Yaya ɗaya ce: a buga abin da aka kawo yadda aka kawo shi, shago ba makaranta ba ne. Don haka na gaske ya tafi da kurakuransa, na fensir kuwa a zuba a buhu a ba masu ƙunshe kaya.

Ran nan da Auta ya dawo, ta ajiye masa ruwa, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta kafin ta tambaye shi zancen fom ɗin shiga difloma da ke cikin durowa. Ya ce shekara uku ke nan yana karɓowa yana ajiyewa. Malama ɗaya ce za ta iya rubuta masa shaida, wato Dakta, ita ce kuwa ta taɓa miƙo masa takardar jarrabawa ta ce ya ba ta kunya. Tun daga ranar, in ya ji muryarta a shago sai ya tura ƙofar ɗakin baya.

"Kin san kallon da ake yi wa mai tad kilas? Ke dai bari. Kuma na san kin ji abin da Yaya ya faɗa. Ba kya tsoro?"

"Ina ji mana," ta ce, idonta a ƙasa. "Amma na fi tsoron in ga furfura ta fito maka a ɗakin can."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce ta bar zancen.

Bayan sati biyu aka kawo kundin wani ɗalibi, an rubuta a jikin ambulan cewa ofishin Dakta za a kai. Amarya ta jera na gaske tsaf, ta jera na fensir. Ta zauna da su a cinya har ruwan da ta ɗora ya ƙone. In ta bar abin yadda yake, mijinta nata ne, yana dawowa kullum da ƙurar takarda a riga. In ta sauya, ba ta san wane mutum zai riƙa dawo mata ba. Ta share hawaye da bayan hannu, ta yi bismillah, ta zura na fensir a ambulan ta liƙe.

Kwana uku tana kasa kunne duk sanda aka taɓa ƙofar gida. A na huɗu ta kai abincin rana shago, sai ga Dakta ta shigo, tabarau a kan hanci, kundin a hammata. Yaya ya miƙe yana ba da haƙuri tun kafin ta zauna, wai kuskure aka yi, yanzu za a sake bugawa.

"Ban zo karɓar haƙuri ba. Wa ya yi rubutun nan?"

Can ƙofar baya ta buɗe a hankali, Auta ya fito yana sunkuyar da kai. Dakta ta dube shi sama da ƙasa.

"Au, kai ne. A shafi na arba'in ka yi gaskiya, ni kaina ban gani ba. A na sittin da biyu kuwa ka yi shirme. Ka zo ofis ran Litinin in nuna maka. Kana da fom?"

Ya ce yana da shi.

"To, ka taho da shi, kada ka sa in aiko."

Tana fita Yaya ya juyo kan Amarya. Ya ce ga irinta nan, mutum ya ba marar karatu aikin takarda. Ko makaho ya shafa ya san wanne ne mai datti. Ta tsaya da kwanon abinci a hannu, hawaye na zuba. A gida Umma ce ta raba gardama. Ta ce tunda malamar da kanta ta kira shi, zai je. Safiya ta shago, yamma ta lakca, wanda bai yarda ba ya zo ya same ta. Yaya ya yi ta ƙunƙuni, amma bai ƙetare maganarta ba.

Ran Litinin da safe Auta na goge takalmi, fom ɗin na kan gado a cikin leda. Ya dube ta ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba.

"Uwar ɗakina, ki daina damuwa da faɗan Yaya. Kuskuren nan naki, da sayarwa ake yi da na saya."

Maganar ta zo mata har kan harshe. Sai ta ga yadda ya ɗaga kafaɗa, ya gyara wuyan riga kamar wanda aka sauke wa dutse. A ganinsa aikinsa ne ya fita da ƙafarsa ya nemo masa mutunci, ba wanda ya roƙar masa. Haka ne kuwa. Ita ƙofa kawai ta tura. Mai haƙuri yakan ga ranarsa, amma haƙuri ba naɗe hannu ba ne, kuma alherin da aka yi don so ba ya neman a buga masa ganga.

Ta miƙa masa ledar, ta ce Allah ya ba da sa'a. Da ya fita ta jawo kwalin ranar ta fara jera shafuka. Su ci gaba da cewa ba ta iya bambance takarda ba. Ba za ta gaya wa kowa ba, ko shi.