Jitar Bahago

—Ƙarshen wata zan zo da mota, ki haɗa kayanki!

Yayan Amarya ne ya faɗi haka yana tsaye a tsakar ɗakinta, ko zama bai yi ba. Shekararta huɗu da aure amma sunan Amarya ya ƙi sakinta, kuma mijinta, wanda ake kira Kafinta, shi ne ya liƙa mata shi. Ga shi can a kujera ya ƙura wa bango ido, hannun damansa a cikin aljihu. Wata biyar ke nan da injin yanka katako ya cinye masa yatsu uku.

—Haba Yaya! Jinya fa muke yi.

—Ciwo ya warke tuni. Mutum ba aiki, ba magana, ba dariya, ke ce ɗinki ke ce girki. Haka za ki ƙare?

Ta juya wajen mijinta tana jiran ya yi musu. Sai ya ce a hankali, "Yaya ya yi gaskiya. Ki bi shi." Wallahi da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Abin da su biyun ba su sani ba, Amarya ta daɗe da sace jitar mijinta daga bayan sif ta kai shagonta. Da wannan jitar ya yi zawarcin zuciyarta, da wata waƙa da ya tsara mata shi kaɗai. Ta sa a ranta cewa ranar da ya sake jin waƙar, mijinta zai dawo. Kullum da rana sai ta tura ƙofa, ta jingina waya a jikin keken ɗinki, ta kunna bidiyon mai koyarwa. Inda ya sa yatsa nan take sawa, ba ta kuskure ko ɗaya. Shi nasa ya fito zaƙwai, ita nata kamar an taka wutsiyar mage.

Jitar ƙatuwa ce, da ƙyar take rungumarta. Tsirkiyoyin ƙarfe suka yanka mata yatsun hagu, suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Har zaren allura ya soma gagararta. Mai shagon kusa ta taɓa leƙowa tana dariya: "Amarya, wa ake yankawa a nan?" Ta yi dariyar yaƙe, da matar ta fita ta kifa kai a kan yadin mutane ta yi ta kuka. Wata uku cur, ko layi ɗaya na waƙar bai fito ba.

Ranar da Yaya zai zo, ta naɗe jitar a zani ta nufi wajen wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa, ko ita ce ta lalata ta. Ya juya ta, ya shafa wuyanta, ya ɗago gilashinsa.

—'Yata, da wane hannu kike kaɗawa?

—Da dama, Baba.

—Mai jitar fa?

—Maigidana ne. Bahago ne shi.

—Ayya! Yarinya, kin sha wahalar banza. Jitar bahago a juye ake ɗaura mata tsirkiya. Da kika riƙe ta irin ta masu dama, mai kaurin ta koma ƙasa, siririyar ta dawo sama. Ko shekara goma za ki yi kina bin bidiyon nan, ba za ta yi miki magana ba.

Ya sauko da wata ƙarama mai tsirkiyar roba ya ɗora mata a cinya. Ta zauna mata daidai. Ta danna yadda ta saba, ta kaɗa, sai ga sauti garau! Hawaye suka zubo mata.

—Irin wannan ce ta ɗan koyo mai ƙaramin hannu. Ki bar min waccan mu yi musanya, ko kuma in juya miki tsirkiyoyinta.

Ta daɗe tana kallon ƙaramar. Sannan ta miƙa masa abarsa.

—In aka juya ta, Baba, ta tashi daga tasa. In na bar ta nan, me ya rage masa?

Ta iso gida ta tarar da motar Yaya a ƙofa. Ta shiga ɗaki, ta ajiye jitar a gaban mijinta, ta zayyana masa komai cikin shessheƙa.

—Na so in kaɗa maka waƙarmu ne. Na kasa. Ka yafe min.

Kafinta ya kama hannunta na hagu, ya dubi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Wata uku? Ke kuwa da kin tambaye ni!"

—Yaushe ka bar ƙofar tambaya?

Ya san gaskiya ce. Can ya ɗauki jitar ya ɗora a cinya, ya ce ta zauna a damansa.

—Hannuna mai kaɗawa yana nan, mai dannawa ne ya tafi. Ara min na damanki.

—Na dama? Ai na hagun ne ya yi kantar!

—To sai haƙuri, daga farko za ki soma.

Ya fito da guntun hannun nan da ya daɗe yana ɓoyewa, ya jera mata yatsu da shi a kan tsirkiya. Ta danna, zafi ya ratsa ta har ƙwaƙwalwa, ba ta saki ba. Ya kaɗa. Sautin ya fito a shaƙe, amma farkon waƙarsu ne, ba wanda zai yi musu.

Yaya ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa: "To, ina kayan?"

Kafinta ya ɗago kai ya dube shi ido cikin ido.

—Ka yi haƙuri Yaya, na janye maganata. Matata tana da darasi gobe.

Yatsunsa dai ba su dawo ba, wahalarta ta wata uku ma ba ta dawo ba. Amma masoya su ji: ɓoye wa juna ciwo, ko don ƙauna aka yi shi, wahala kawai yake ninkawa. Wanda kake so, ka bar shi ya ga inda ka gaza.