Dogon Gilashi

Mai shagon kyamara ya yi wa 'yar kawunsa ƙazafi, kuma bai buɗe baki ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Da hoto ya yi. Wannan ya fi muni, domin mutane suna tuhumar baki, amma ba sa tuhumar hoto.

A shagon nasa abin ya faro. Yarinyar tana aiki a cibiyar binciken amfanin gona, aikinta ɗaukar hoton ƙwarin da ke cin ganye. Ranar ta zo gwada gilashin kyamara na kusa, wanda ke mayar da ƙwaro kamar akuya. Ta sami mataccen ƙuda a bakin taga, ta durƙusa a kansa.

Wani saurayi, ma'aikacin gandun namun daji, yana tsaye a ƙofa da dogon gilashi na ɗaukar tsuntsaye, tsawonsa ya kai taɓarya.

"Malam, wannan kyamara ce ko jirgi za ka harbo?" in ji ta.

"Gara ni. Ke kin zo shagon mutane kina yi wa gawar ƙuda hoton fasfo."

Suka yi musaya. Ya leƙa nata, ya ga idon ƙuda kamar saƙar zuma. Ta leƙa nasa, ta hango wata mata tana shanya a can saman bene, har zaren da ya warware a bakin zanenta. Ta sauke kyamarar da sauri.

"Ina kallon matar mutane, ita ba ta sani ba."

"Shi ya sa ba a shiga gari da shi," in ji saurayin. "Na daji ne. A titi gajere ake sa wa. Dole ka matso, mutum ya gan ka, ka yi sallama, in ya ƙi ka haƙura."

Mai shago yana bayan kanta yana goge gilasai, yana jin su. Ya taɓa neman aurenta, ta ce masa, "Yaya, kai yayana ne, mu bar shi a haka." Ya yi dariya a lokacin. Bai bar shi a haka ba.

Daga ranar saƙonni suka fara tsakanin yarinyar da saurayin.

"'Yar ƙuda, kin isa gida lafiya?"

"Na isa, Mai tsuntsu. Ka samu tsuntsun da kake jira?"

"Tun asuba nake cikin ciyawa. Ya zo, na yi atishawa, ya tafi."

"Allah Ya ƙara. Gobe ka je da hankici."

"Ke nake son in jira, ba shi ba."

Da maganar aurensu ta kai gida, mahaifinta, tsohon direban babbar mota, ya ɓata rai. "Sana'ar me ke nan? Namiji ya kwanta a ciyawa yana jiran tsuntsu?" Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai yi tunani.

A cikin wannan tunanin ne mai shago ya ɗauki dogon gilashi ya hau gadar masu tafiya a ƙasa. Daga nan ana hango inda take jiran mota in an tashi aiki. A can bayanta, ƙetaren titi biyu da filin ajiye motoci, akwai wani otal. Ya yi ta zuwa, yana jira, har ranar da wani mutum ya fito daga otal ɗin ya tsaya daidai saitinta. Dogon gilashi yana matse nisa, ya haɗa na gaba da na baya. A hoton, kanta na sunkuye kamar ta jingina da ƙirjin mutumin, allon otal a samansu.

Ya kai wa mahaifinta.

"Kawu, ni ban ce komai ba. Ga abin da kyamara ta ɗauka. Amma ni ko a haka ina son ta."

Ya kuma tura wa Mai tsuntsu ta wata baƙuwar lamba.

Mahaifin bai yi faɗa ba. Ya ajiye mata wayarsa a kan tebur, hoton a buɗe. Ta duba, ta ce, "Baba, ban san shi ba." Ya ɗauki wayarsa ya shige ɗaki. Tun daga nan in ta gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Ta rubuta wa saurayin: "Na san an turo maka. Ban san mutumin ba." Alama ta nuna ya karanta. Amsa ba ta zo ba.

Ba ta yi kuka ba. Tana tashi, ta yi salla, ta ci abin da aka ajiye, ba ta san ko da gishiri ko babu ba. Ta je aiki, ta ɗora ganye a ƙarƙashin fitila, ta juya gilashi har ƙafafun ƙwaro su fito, ta danna. Ta sake wani ganyen. Abokan aikinta suka ce hotunanta sun ƙara kyau, hannunta ya daina rawa. Ta ce, "To." Da yamma ta tsaya a wurin da aka ɗauke ta hoton, domin nan motar take tsayawa.

Shirun saurayin laifi ne, kuma ba ƙarami ba. Jahili in ya yarda da hoton nan yana da uzuri. Shi ba shi da shi.

Wata safiya yana bakin tafki ya ɗauki balbela da kada. Ya duba allon kyamara, ya ga balbelar kamar a bakin kadan take tsaye. Ya ɗaga kai: tana wannan gaɓar, kadan yana waccan. A baya ya ɗauki irin wannan hoton ba adadi. Ya zauna a cikin laka, ya ciro waya.

"'Yar ƙuda, dogon gilashi ne. Na gane. Ki yafe mini."

Sai da yamma ta amsa.

"Kai ne ka fi kowa sanin abin da yake yi. Ban ji haushinka ba. Ba na jin komai ne."

Bai sake rubutu ba. Ya wanke ƙafa, ya bi saitin hoton har ya gano gadar da aka tsaya aka ɗauka, sannan ya tafi wurin mahaifinta, ya durƙusa a ƙofa.

"Baba, ba aure na zo nema ba. Gada nake roƙon ka hau tare da ni."

"Da gwiwar nan tawa? Tsuntsu za ka nuna mini?"

"In ban nuna maka komai ba, ba za ka sake ganin ƙafata ba."

Tsohon ya hau, yana tsaki a kowace matattakala. Saurayin ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya saita, ya ce, "In ta fito, ka leƙa." Ya sauka, ya tsallaka titunan, ya je ya tsaya a ƙofar otal.

Ta fito daga aiki, jaka a kafaɗa, ta tsaya, ta sunkuyar da kai. Mahaifin ya leƙa. Ya ga 'yarsa jingine da ƙirjin saurayin, allon otal a samansu. Ya ɗaga kai. Tsakaninsu akwai tituna biyu da motoci jere, ko ihu ya yi ba za ta ji ba. Ya sake leƙawa. Ya sake ɗagowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna tazara ta madubin mota bai buƙaci bayani ba.

Ya sauko a hankali, ya tsaya kusa da ita.

"Uwata, na zalunce ki."

"Ba komai, Baba," in ji ta, kamar mai karanta allon hanya.

A daren bai ci abinci ba. Da safe ya aika aka kira ɗan 'yar'uwarsa, ya yi masa tambaya ɗaya a gaban mahaifiyarsa: "A ina ka tsaya ka ɗauka?" Mai shago ya kalli ƙasa.

Saurayin kuwa bai samu yafiya da arha ba. Duk ranar hutunsa sai ya zo cibiyar, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin hoto. Ba ta kore shi ba, ba ta ce ya shigo ba. Ran nan ƙarfen da ke riƙe fitila ya karye, ta ce, ba ta ko juyo ba, "Zo ka riƙe."

Ya riƙe. Fitilar ta karkace.

"Mai tsuntsu, inuwa kake yi mini."

Sunan ya daɗe bai ji shi ba. Ya gyara fitilar.

"Har yanzu zuciyata kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta," in ji ta. "Ban san yaushe za ta saki ba."

"Zan jira. Jira ne sana'ata."

"In wani ya sake kawo maka magana a kaina, ka zo kusa ka tambaye ni. In ka sake yin shiru irin wancan, kada ka dawo."

"Na ji, zumata."

"Zuma ba nawa fannin ba ne. Masu cin ganye nake yi." Ta danna kyamara. Gefen bakinta ya ɗan motsa.

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Mahaifin ya kama hannun angon, ya ce, "Ga ta nan. Ka fi ni saurin gane gaskiya, ka riƙe ta da wannan. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya." Amarya ba ta yi kuka ba sai da motar ta tashi. Ta yi shi sosai, mijin yana riƙe da hannunta.

Mai shago ba a gayyace shi ba. Kawunsa ya hana shi shiga gidan, mahaifiyarsa ta daina cin abin hannunsa. Masu hoto suka ji labari, suka kwashe kyamarorin da suka kai masa gyara, ba wanda ya sake hayar gilashi a wurinsa. Kafin shekara ta zagayo ya rufe shagon. Yanzu tayoyi ake sayarwa a wurin.